Yadda za ka haɗa bidiyon anime da kiɗa wanda ba kwafin na kowa ba

Duk wanda ke zama a shagon cajin waya a Bichi ko Ringim ko Gumel ya san yadda abin ke tafiya. Yaro ɗaya zai samo tamfilet, wato shiryayyen tsarin bidiyo da hotuna kawai za ka zuba masa, a manhajar haɗa bidiyo ta CapCut, ya zuba faɗan anime, wato katun ɗin Japan, da kowa ya riga ya haddace, ya tura wa abokai ta Xender. Kafin kasuwa ta sake ci, waya goma na ɗauke da bidiyo iri ɗaya, sunan da ke ƙasa ne kawai ya bambanta. Tamfilet anko ne: ko ya yi maka kyau, akwai mutum hamsin sanye da irinsa.

Wannan haɗi na katun ɗin Japan da kiɗa, wanda ake kira AMV, ya girmi wayoyin da ke hannunmu nesa ba kusa ba. Tun 1982 wani matashi a Amurka ya haɗa wanda ake ɗauka shi ne na farko, da na'urorin kaset na bidiyo guda biyu. Babu girgiza, babu walƙiya, sai zaɓen hoto da sanin inda za a yanka. Har yau a nan aikin yake. Abu uku ke sa a gane hannunka, kuma duka ana gama su kafin a kai ga ado: me kake son faɗa, da wane sauti, da waɗanne hotuna.

Mataki na farko: rubuta abin da ba za ka taɓa ba

Kafin ka buɗe manhaja, nemo sunan anime ɗin a TikTok ko YouTube, ka kalli haɗi 10 zuwa 15 na wasu. Ɗauko littafin rubutu ka jera duk fagen da ka gani sau uku ko fiye, da duk waƙar da aka maimaita. Wannan jerin shi ne haramtattun kayanka. Galibi za ka tarar kusan duka daga wurare biyar ko shida suke ɗebowa: inda jarumi ya fusata, inda idonsa ya canza launi, bugun ƙarshe na babban faɗa. Sauran daƙiƙun shirin, waɗanda suka ninka waɗannan sau ɗari, ba wanda ya waiwaye su.

Mataki na biyu: jimla ɗaya a takarda

Rubuta abin da bidiyon zai faɗa cikin jimla ɗaya. "Jarumin nan ƙarfi gare shi" ba jimla ba ce da za ta ɗauki bidiyo, domin ba ta da farko ba ta da ƙarshe. Dole wani abu ya sauya tsakanin sakan na farko da na ƙarshe. Ga irin waɗanda ke aiki: yaro ya tafi ci-rani, damina ta faɗi yana birni, hankalinsa na gona. Ko ɗan damben da aka kayar bara, ya shafe shekara yana shiri shi kaɗai. Ko ƙanwa da yayanta da suka yi faɗa, kowa na jiran ɗaya ya fara magana.

Abin da mutanenmu ba su cika lura da shi ba shi ne, anime cike yake da rayuwar ƙauye. Akwai gonakin shinkafa cike da ruwa kamar na Kura ko fadamar Haɗeja, akwai tsohuwa a bakin murhu, hadari ya haɗo, yara a kan keke, uwa na ƙulla wa ɗanta guzuri. Mai haɗi a Turai ko Amurka yana tsallake waɗannan don ba su ce masa komai ba. Kai kuwa ka san ƙamshin ƙasa a ruwan farko, ka san yadda gari ke zama in samari sun watse bayan girbi. Wannan sanin shi ne jarinka, kuma ba a sauke shi daga intanet.

Ka ƙayyade tsawo tun yanzu. Sakan 30 zuwa 45 ya ishi mai koyo. Wanda ya fara da minti uku yakan ƙare da cike gurbi da duk abin da ya samu.

Mataki na uku: sauti

A nan ya kamata ka daɗe, domin rabin kamannin da ke tsakanin bidiyoyin nan daga waƙa yake zuwa. In ka ɗauki waƙar da ke tashe, bugunta zai tilasta maka yanka a inda kowa ya yanka. Ga shi kuma YouTube na da tsarin Content ID da ke gano waƙar da ke da mai ita, TikTok ma kan kashe sautin bidiyo ɗungurungum.

Mafita tana kusa da kai. Kalangun mahauta ko na 'yan dambe, gangar noma, kukuma, garaya, sarewar makiyayi, luguden mata in suna daka su uku a turmi ɗaya, guduma a maƙera, kirarin maharba. Duk waɗannan suna da bugu mai tsari, kuma ba a cika jin su a ƙarƙashin faɗan takobi na Japan ba.

Kada ka ɗauka a ɓoye. Je ka gaida makaɗin, ka ce, "Baba, don Allah ina so in ɗauki kiɗan nan minti ɗaya, zan ɗora shi a kan katun in sa a waya, kuma zan rubuta sunanka." Nuna masa misalin abin da kake nufi, ka ba shi na goro. In mata ne ke lugude, sautin kawai kake buƙata, kuma sai da izininsu da na maigidan. Yayarka ko ƙanwarka ma na iya riƙe maka wayar.

Wajen ɗauka, sa wayar a yanayin jirgin sama don kada kira ya katse ka. Tsaya kimanin mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi daga gangar. In ka matsa fiye da haka, ƙarar za ta fi ƙarfin makirufo, sautin ya fashe, kuma fasasshen sauti da wuya ya gyaru. Zauren ƙasa ya fi ɗakin siminti mai rufin kwano, domin na kwano yana amsa kuwwa har bugu ya shige cikin bugu. A waje kuwa iska ce maƙiyiyarka, musamman lokacin hunturu. Juya mata baya, ka rufa wa ƙasan wayar safa mai tsabta. Nisanci janareta da injin niƙa. Ɗauki sakan 10 na gwaji, ka saurara da abin kunne, sannan ka ɗauki na gaske sau biyu ko uku.

Karatun Alƙur'ani da wa'azi da yabon Annabi ba kayan wannan aiki ba ne, kada ma ka fara. Haka kirarin da aka yi wa wani mutum da sunansa, kada ka ɗora shi a kan hoton da zai zama cin fuska.

In dai waƙar zamani kake so, nemi wani matashi mai haɗa kiɗa a garinku ku yi musaya: shi ya ba ka kiɗa, kai ka ba shi talla.

Mataki na huɗu: tara hotuna

Kalli shirin da biro a hannu, sauti a kashe. Ga kowane hoton da ya dace da jimlarka rubuta abu biyar: kashi na nawa, minti da sakan, me ke ciki, ina motsin ya nufa (hagu, dama, sama, ko tsaye), da ko bakin mutumin na motsi. Bidiyon sakan 45 yana cin yanka kusan 30. Tara 60 zuwa 80 don ka samu na zubarwa. Kada duka su zama fuska. Nemi hannu, ƙafa, ƙofa, sararin sama, kwanon abinci da aka bari ba a ci ba. Irin waɗannan ƙananan hotuna su ke ɗaukar labari.

Ingancin fayil ɗin da ka fara da shi shi ne iyakar ingancin da za ka ƙare da shi. Wanda masu tura fina-finai ke sa wa a memori yawanci 360p ne ko 480p, ga rubutun fassara manne a ƙasa, ga tambarin wani a kusurwa. Kashi mai minti 24 da bai kai MB 80 ba an matse shi ƙwarai. Da ka zuƙo shi zai farfashe ya zama dabbare-dabbare. Nemi 720p aƙalla, marar rubutu a jikin hoton. In fayil ɗin MKV ne kuma manhajar ta ƙi buɗe shi, ko ta nuna baƙi, ko yana tafiya yana tsayawa, sau da yawa matsalar tsarin H.265 ne da ƙananan wayoyi ba sa iya ɗauka da kyau. Juya shi zuwa MP4 mai H.264. Ɗaukar fuskar waya yayin da shirin ke tafiya dabara ce ta ƙarshe, domin adadin firam ɗinsa, wato hotunan da ke wucewa ɗaya bayan ɗaya a kowane sakan, ba ya tsayawa wuri ɗaya, daga baya sai ka ga hoto da sauti sun rabu.

Abu ɗaya da ba a yi: yanko daga bidiyon da wani ya riga ya haɗa. Ko ka goge tambarinsa, launinsa da saurin da ya sa suna nan, masu sana'ar za su gane.

Wayar da ke da RAM 2 ko 3 ba za ta ɗauki cikakken kashi a kan layin aiki ba, wato inda ake jera hotuna da sauti a manhajar. Yanyanka guntayen da ka rubuta tukuna, kowanne sakan 2 zuwa 5, ka tara su a jaka ɗaya, ka bar aƙalla GB 3 a sarari. Kada ka yi aiki wayar na jone da caji, kuma a watannin bazara cire mata riga ka yi da sassafe ko bayan isha'i. Waya in ta yi zafi tana rage wa kanta gudu, hoton ya riƙa tsalle, ka yanka a inda ba nan ba.

Mataki na biyar: saita aikin, sa alamar bugu

Ana yin anime a kan firam kusan 24 a sakan. Saita aikinka a 24. In ka bar shi a 30, manhajar za ta maimaita firam ɗaya bayan kowane huɗu don ta cike gurbi, sai ka ga hoton na ɗingishi duk lokacin da kamara ke zagayawa a hankali.

Sai siffar allo. Asalin hoton a kwance yake, 16:9. In ka cika allon tsaye na 9:16 da shi, abin da zai rage bai kai kashi ɗaya cikin uku na faɗinsa ba. Mutum biyu na fuskantar juna sai ya zama hanci da bango. Ga bidiyo mai labari, 1:1 ko 4:5 ya fi, ko ka bar shi a kwance.

Shigo da sautin shi kaɗai, ka sa alama a kan bugu kafin hoto ko ɗaya ya shigo. Yi amfani da abin kunne mai waya. Na Bluetooth yana jinkirta sauti, wani lokaci har kashi ɗaya cikin biyar na sakan, wato firam kusan 5, kuma duk alamominka za su makara da wannan adadin ba tare da ka sani ba.

In kiɗan na'ura ne, lissafi zai taimake ka. Ƙirga bugu na sakan 15 ka ninka sau 4. In ka samu 120 a minti, kowane bugu rabin sakan ne, firam 12. In 90 ne, firam 16. In 96 ne, firam 15. Amma kiɗan hannu ba ya bin agogo. Makaɗi yana ƙara wuta in ya ji daɗi, yana lafawa in zai juya, shi ya sa maɓallin da ke gano bugu da kansa yake rikicewa a kan kalangu. Buɗa layin sautin da yatsu biyu har ka ga tsaunukan igiyar sautin, ka sa alama da hannu a farkon kowane tsauni. Bi ƙaramar gangar da ke riƙe kiɗan don samun ma'auni, ka bar uwar kalangun don manyan wurare.

Mataki na shida: yanka

Mai koyo yana yanka a kan kowane bugu. Sakan goma na farko abin na burgewa, daga nan ido ya gaji, domin mai kallo ya riga ya san abin da ke zuwa. Akwai hanyoyi uku na haɗa hoto da sauti, kuma gwani yana cuɗanya su.

Ta farko ita ce wadda kowa ya sani, hoto ya canza a kan bugu. Ta biyu ta fi wuya, ta fi daɗi: hoton bai canza ba, amma wani abu a cikinsa ya faɗa a kan bugun. Ƙafa ta taka ƙasa, ido ya ƙifta, ɗigon ruwa ya faɗo, ƙofa ta rufe. Nemo ainihin firam ɗin da ƙafar ta taɓa ƙasa, ka ja guntun har firam ɗin ya hau kan alamar. Hoto ɗaya na iya cin bugu huɗu ta haka ba a yanka ba. Ta uku ita ce bin yanayi, inda sarewa ta ja dogon numfashi kai ma ka bar hoto ɗaya ya yi sakan uku ko huɗu.

Kalangu yana ba ka wata dama da kiɗan na'ura ba ya bayarwa. In makaɗi ya matse shi a hammata muryarsa na hawa, in ya saki tana sauka. Sa motsin da ke hawa sama, kamar ɗaga kai ko tashin tsuntsu, a inda muryar ta hau, mai sauka kuma a inda ta sauka. Mai kallo ba zai iya faɗin dalili ba, amma zai ji hoton na amsa wa gangar.

In ka ga bugun hoto kamar yana makara duk da yana kan alama, matsar da shi baya da firam ɗaya. Gara hoto ya riga sauti da ƙiris da a ce sauti ya riga shi.

Kula da alkiblar motsi, a nan rubutun da ka yi a mataki na huɗu zai yi maka rana. In yaron na tafiya daga hagu zuwa dama yana barin gida, duk hotunan tafiyarsa su nufi dama; ranar dawowa su juyo hagu. In hoton da kake so ya saɓa, juya shi da maɓallin madubi, sai dai ka duba kada akwai rubutu a ciki ko wata alama a fuska da za ta koma ɗaya gefen. In kana haɗa anime biyu, haɗa su a inda siffa ta yi kama: wannan ya ɗaga hannu, ka yanka, wancan ya sauke. Kada ka gwama tsohon zane mai kaurin layi da sabo mai sheƙi, sai in bambancin shi ne labarin, kamar da da yanzu.

Baki mai motsi alhali ba a jin magana yana ɓata aiki nan take. Ko ka canza hoton, ko ka daskarar da firam ɗin da bakin ke rufe, ka sa masa zuƙowa a hankali daga kashi 100 zuwa 108 na girmansa cikin sakan biyu don kada ya zama matacce.

Rage gudu kuma yana da tarko. Yawancin motsin anime zane 12 ne ko 8 a sakan, ana nuna kowane zane sau biyu ko uku. In ka rage gudun zuwa rabi, zane 6 ko 4 ya rage a sakan, sai tsalle-tsalle. In ka kunna mai santsin da ke ƙirƙiro firam na tsakiya, hannu da gashi da takobi sukan narke, saboda maimaitattun firam na ruɗa shi. Dabarar ita ce ka bi guntun firam bayan firam. In kowane zane sau biyu yake fitowa, ninka gudun sau 2, ka fitar da shi, ka sake shigo da shi, sannan ka rage gudun da mai santsin. Yi wannan ga guntun da bai wuce sakan biyu ba, domin a tsakiyar fage ɗaya ma masu zanen kan canza ƙirga.

Mataki na bakwai: ado

Sai yanzu. Kalli bidiyon ba ado ko ɗaya. In bai tsaya da ƙafarsa a haka ba, koma mataki na shida. Zaɓi abu biyu kacal ka riƙe su har ƙarshe, kuma kowanne ya zama yana da aiki, misali launi ya dushe a duk inda ake tuna baya. Daidaita launi a shimfiɗa ɗaya da ta rufe bidiyon duka, kada ka bi guntu-guntu.

Farar walƙiya kada ta wuce sau uku a sakan ɗaya. Ba maganar kyau ba ce kawai: a 1997 wani shirin katun a Japan ya sa an kwashi ɗaruruwan yara zuwa asibiti saboda walƙiyar ja da shuɗi mai sauri, kuma irinta na iya tayar wa mai farfaɗiya ciwonsa.

In za ka sa rubutun Hausa, gwada salon harafin da kalma mai ƙ da ɗ da ɓ tukuna. Da yawa ba su da su, sai su fito da akwati ko da harafin da bai yi kama da sauran ba. Ɗaga rubutun daga ƙasan allo da gefen dama, inda TikTok ke jera nasa maɓallan.

Mataki na takwas: gwaji da fitarwa

Kashe sautin, ka miƙa wa ƙaninka da bai taɓa ganin shirin ba, ka ce ya faɗa maka me ya faru. In abin da ya faɗa ya yi kusa da jimlar da ke takardarka, ka samu. In ya ce "faɗa dai suke yi," da sauran aiki. Sannan ka kalla a wata wayar daban, domin wani allon yana ƙara launi, wani yana cinye duhu. Duba kuma ko akwai hoton da ba za ka so a gani a wayarka a gaban manya ba. Anime na da irinsu, kuma firam biyu sun isa a tsayar a ɗauka.

Fitar da shi a firam 24. A 1080p da megabit 10 a sakan, bidiyon sakan 45 zai kai kimanin MB 56. A 720p da megabit 5, kimanin MB 28. In hotunanka na asali 720p ne, fitarwa a 4K ɓarnar data ce kawai. Ajiye babban kwafin a memori. In za ka tura ta WhatsApp don wani ya gani da kyau, tura shi a matsayin fayil, domin ta hanyar da aka saba ana matse shi. Ɗorawa kuma ta fi sauƙi da tsakar dare ko bayan asuba, lokacin da sabis ya sarara.

A bayanin bidiyon rubuta sunan anime ɗin, kamfanin da ya zana shi, da sunan makaɗin da garinsu, in ya yarda. Ka sani rubuta "ba nawa ba ne" ba izini ba ne. Hotunan na kamfanonin Japan ne, suna iya sa a sauke bidiyon duk ranar da suka ga dama, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta kare aikin makaɗin garinku kamar yadda ta kare na kowa. Saboda haka kada ka sayar, kada ka ɗora tallar wani shago a kai. In wani ya nemi sautin kalangun don nasa bidiyon, ba kai ke da ikon bayarwa ba, tura shi wurin mai gangar.